Giwar Siminti da Hancin Gwaggo

Jama'a, yau da safe na mayar wa maƙwabcina Bakanike motarsa da na ara, salansar hayaƙinta a kujerar baya, madubin gefe a aljihun rigata. Ya zagaya ta, ya sake zagayawa, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ƙura mini ido.

"Maƙwabci," in ji shi, "yawon buɗe ido ka ce mini za ka, ko fagen yaƙi?"

Na ce yawon buɗe ido ne.

"To madubina fa? Wa ya cire?"

"Giwa."

"Ka ga, ni ba yaro ba ne. In bango ka goga, ka ce bango ka goga, ba yau aka fara ba."

Na rantse masa, bai yarda ba, sai da na zaunar da shi a kan wata tsohuwar taya na ba shi labarin tun daga farko. Da na gama ya share hawayen dariya da bayan hannu ya ce in rubuta wa mutane su ji. Don haka yau a wannan shafi nawa na ba wutar lantarki hutu, na ba famfon unguwarmu hutu, ba zan taɓa su ba. Yau zan koya muku yadda ake zaɓen gandun dajin da ya fi kowanne kyau, domin na zama gwani, kuma da gumina na sayi gwanintar.

Asalin maganar Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. Tana ƙaramar yarinya garken giwaye suka taɓa ratsawa ta bayan ƙauyensu. Duk yaran gari suka ɗare kan katanga suna kallo, ita kuwa mahaifiyarta ta fizgo ta, ta tura ta ƙarƙashin gado, ta zauna a bakin ƙofa. Gwaggo ta ji ƙasa tana girgiza, ta ji itatuwa suna karyewa, ta shaƙi wani wari da ta ce har gobe yana cikin hancinta, amma ko wutsiya ba ta gani ba. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, har ya bar duniya yana tsokanarta da wannan. Da sun yi musu a kan kowane abu, ko da a kan gishirin miya ne, sai ya ce, "Ke da ba ki taɓa ganin giwa ba, me kika sani?"

Kwanakin baya na kai ta asibitin ido. Likita ya haska, ya auna, sannan ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci ƙarfin idon. Ɗan hasken da ya rage mata raguwa zai yi ta yi, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa sauri. Yanzu ma da rana tsaka kaɗai take gani sosai, kuma abin da ke kusa da ita. Da yamma ta yi, komai ya zama inuwa. Na zaci za ta yi kuka. Muna fitowa ƙofar asibiti ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, kafin a kashe mini fitilar gaba ɗaya, ina so in ga giwa."

Wallahi da gida ta ce in gina mata da na fi sanin inda zan fara. Amma matar da ta goya ka ba ka ce mata babu.

Na haye titi wajen Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidana. Tela bai taɓa wuce tashar mota ba, amma yana da babbar waya, kuma tun da ya saye ta babu abin da bai sani ba a duniya. Ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ya tura tabarau saman goshi, ya ce, "Giwa? Ai ka zo gidan. Zauna."

Ya shafa waya ya fito mini da gandu uku. Na farko shi ne wanda ake yi wa waƙa a talabijin, wanda Mai Girma Babban Mai Almakashi ya je da kansa ya yanka masa ƙyalle. Hoton ƙofarsa kaɗai ya cika fuskar wayar. Na biyu yana da otal da babban zauren taro, inda manya ke zuwa su yi mako guda suna tattauna yadda za a ceci namun daji.

"Akwai barewa a can?" na tambaya.

"Akwai," in ji Tela. "Wani da ya je ya rubuta cewa ta yi laushi ƙwarai, yaji ne dai ya ɗan yi yawa."

Muka tsallake wannan. Na ukun kuwa ko hoto ba shi da shi. Mutum ɗaya ne tak ya taɓa faɗin wani abu a kansa, shi ma cewa ya yi, "Kada ku je, babu hanya."

"Ka gani ko?" in ji Tela. "Abin a bayyane yake. Wurin da ƙofarsa ta kai haka, ina ga cikinsa? Kuma ni zan raka ku, don kada ku ɓata."

Da girman ƙofa muka yi zaɓe, jama'a, kuma ina roƙonku kada wanda ya yi mini dariya, don da yawanku da girman hoto kuke yin wani zaɓen da ya fi wannan.

Sai neman mai. Kun san an yi mana alkawari, da babbar murya, cewa layin mai ya zama tarihi. Gaskiya ne, ya zama tarihi, domin a layin da na shiga na tarar da mutanen da suka isa su ba da tarihi. Na gabana har aski aka yi masa a cikin mota. Na bayana ya yi sulhu da surukinsa da suka shekara ba sa magana, saboda layi ya haɗa su kuma babu wurin gudu. Mun kusa kaiwa bakin famfo sai ga jiniya. Ayarin motocin wani Ranka-ya-daɗe, baƙaƙe wul, suka shiga ta ƙofar fita, aka cika musu ciki, aka cika jarkoki, suka wuce. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Bawan Allah sauri yake, na ji an ce taron magance layin mai zai je ya buɗe.

Ranar tafiya muka yi sammako, Gwaggo a gaba kusa da ni ta sha sabon mayafi, Tela a baya da wayarsa da ƙullin burodi. Da hantsi muka isa gandun Mai Almakashi. Kai, ƙofa ta yi ƙofa! A jikinta an manna wani farin dutse mai sulɓi, an zana sunayen manyan da suka halarci buɗewa, tun daga sama har ƙasa, har da na wanda ya riƙe farantin almakashi. Sunan dabba ko ɗaya ban gani ba.

Wani jami'i ya tarbe mu cikin sabon kaki mai karin guga, da lasifika rataye a wuya. Muna tsaye gab da shi, amma sai da ya kunna ta.

"Barkanku da zuwa gandun daji na zamani! Ni ne Jami'in Tarbar Baƙi da Sauran Al'amura!"

Gwaggo ta toshe kunne ta ce, "Yaro, idona ne ba ya gani, kunnena lafiya lau."

Ya shiga baya kusa da Tela muka kama hanya. Kwalta sumul, har da farin layi a tsakiya. Hagu fili fetal, dama fili fetal, sai kututturan itatuwa. Na ce masa ina dajin?

Ya gyara zama, da alama tambayar da ya fi so ke nan. Ya ce kafin zuwan Mai Girma an turo kwamiti ya duba wurin, kwamiti ya gano cewa itatuwa suna tare wa mutum gani. Ba zai yiwu babban mutum ya taso takanas ya zo kallon dabbobi, sannan ganye ya kare masa su ba. Sai aka sare duk na bakin hanya, don ya gani daga cikin motarsa ba sai ya sauke gilashi ba. Ciyawa kuma aka banka mata wuta saboda macizai.

"Waɗannan sandunan fa?" in ji Tela.

"Fitilu ne. Akwai janareta da ke kwana yana aiki. A da dabbobin nan cikin duhu suke yawo, abin tausayi."

Muka isa inda ya kira mashaya. Ya ce da can wani ƙazamin tabki ne, laka har gwiwa, giwaye su shiga su yi ta birgima su fito buɗu-buɗu, abin kunya a gaban baƙi. Kwamiti ya sa aka zuƙe ruwan, aka kwashe lakar, aka shimfiɗa tayil shuɗi, aka yi matakala da ƙarfen riƙewa, ana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na leƙa. Ruwa garai-garai, ƙamshin magani har cikin ido, ko kwaɗo bai yarda ya zauna ba.

Ni dai na jinjina wa wannan kwamiti. A unguwarmu mun shekara muna roƙon a zuba mana magani a rijiya ba mu samu ba, ashe giwaye ne a gabanmu a layi.

"To yanzu ina dabbobin?" na tambaya.

Jami'i ya yi ɗan tari. Ya ce ranar buɗewa an zo da motoci sun fi a ƙirga, da jiniya, da makaɗa, aka harba bindigogin girmamawa, aka yi jawabai har rana ta karkata. Tun daga ranar dabbobin suka daina ba da haɗin kai. Amma kada mu damu, an kafa wani kwamitin da zai binciki dalilin rashin haɗin kan nasu, har ya je ƙasashen waje ya ga yadda nasu dabbobin ke yi.

Kada in yi musu ƙarya, mun ga namun daji. Mun ga awakin ma'aikata suna kiwo a gindin fitila. Mun ga biri ɗaya zaune a kan kwandon shara, wanda ya miƙo hannu ta taga ya ɗauke burodin Tela ba sallama ba godiya. Jami'i ya ce wannan birin tsohon ma'aikaci ne, kowa ya san shi.

Muna shirin juyawa Gwaggo ta dafa hannuna.

"Ɗan nan, tsaya. Mene ne wancan?"

Can gaba da mashaya, a tsakanin 'yan itatuwan da gatari ya manta, ga wata ƙatuwar aba toka-toka, ta ɗaga hanci sama. Gabana ya faɗi don murna. Da na ƙara dubawa sai na ga rodi ya leƙo ta inda haure ɗaya ya gutsure. Ta siminti ce. Ashe da ita Mai Girma ya ɗauki hoton da muke gani a talabijin.

Jami'i ya kashe mini ido ta madubi. Tela ya matso ya raɗa mini a kunne, "Ka ce ita ce. Mai ya kusa rabi, rana tana yi, tsohuwa ta ji daɗi, kowa ya huta."

Gwaggo ta ƙanƙance ido, ta tura fuska gaba. "Ita ce?"

Na buɗe baki zan amsa. Tela ya riga ni. "Ita ce, Gwaggo! Ga ta nan ƙatuwa, barci take a tsaye."

Ta lalubi marfin gilashi ta murɗa shi ƙasa. Ta fitar da kai, ta ja iska, ta sake ja. Muka yi tsit, har lasifika.

"Wannan ba ta da wari," in ji ta.

"Mama, wanka ake yi musu kullum," in ji Jami'i. "Tsarin zamani ne."

"Yaro, ko da sabulun duniya aka wanke giwa, in ta tsaya a nan sai na ji ta. Warinta kamar turken shanu ne bayan ruwan sama, a haɗa da ɗanyen ganye da aka tattake. Ina ƙarƙashin gado na ji shi. Nan ba na jin komai sai maganin wankin banɗaki."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta murɗa gilashi ya koma sama, ta gyara mayafinta ta ɗora hannuwa a cinya, ta ce, "Mu koma gida, ɗan nan. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka." Kunya ta rufe ni, tausayi ya cika mini ciki, na rasa inda zan sa idona.

Na juya na ce wa Jami'i ya ajiye lasifikar nan ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ina giwayen suka tafi? Ya cire ta daga wuya, sai ga muryarsa ƙarama, ta mutum irina.

"Yallaɓai, sun tsallake rafi. Suna ɗaya gandun, wancan da ba kowa. Butulci ne kawai. Duk abin da aka kashe musu a nan, suka zaɓi laka."

Tela ya ɗaga waya. "Wanda aka ce kada a je? An ce fa babu hanya!"

Na ce ko babu ƙasa za mu je. Muka sauke Jami'i a ƙofarsa muka kama hanya.

Ashe ƙarya aka yi wa wurin, akwai hanya. Mun ga allonta da idonmu, ƙato, da hotunan manya suna murmushi duk rana ta cinye musu fuska, an rubuta cewa an kammala aikin cikin nasara. Kwaltar ma tana nan. Daga gindin allon ta fara, ta kai daidai inda mai ɗaukar hoto zai tsaya, ta ƙare. Daga nan sai ramuka, wani ramin ma yana da nasa ramin a ciki. A nan salansar Bakanike ta yi mana sallama, na ɗauko ta da tsumma na kwantar a baya, mota ta koma ruri kamar injin niƙa. Da muka kai rafi muka tarar da gada, wato tubalin da aka aza na fara ginin gada, shi kaɗai a tsaye da ɗan farin dutsensa. Allah ya taimake mu rafin ya ja baya, yashi ne da ɗan ruwa. Tela ya naɗe wando ya tura mu yana tsine wa wayarsa, Gwaggo kuwa tana riƙe da ƙofa tana cewa, "Taka, ɗan nan, taka!"

Da muka haura sai duniya ta canja. Itatuwa suka haɗe kai a samanmu, ciyawa ta fi motar tsawo, tsuntsaye suna ta hayaniya kamar 'yan kasuwa. Ƙofar gandun kuwa sanda ce aka gicciya a kan duro biyu. Kusa da ita ga wata 'yar bukka, ga gonar masara da aka yi wa kaca-kaca, ga wani dattijo da rigar kaki a sama, zanen gida a ƙasa, yana tsaye da fartanya. Mai gadi ne. Yana ganinmu ya yar da fartanya ya sheƙo.

"Alhamdu lillahi! Kun zo ku kwashe su?"

"Mu kwashe wa, Baba?"

"Giwayen mana! Ba daga ofis kuke ba?"

Na ce mu 'yan kallo ne. Fuskarsa ta faɗi. Ya ce tun da aka gyara wancan gandun bai ƙara cin amfanin gonarsa ba. Da can 'yan kaɗan ne a nan, suna can ciki, ba ruwansu da shi. Yanzu kuwa kowa da kowa ya taso ya tare a kansa, giwa, ɓauna, raƙumin dawa, har da waɗanda bai san sunansu ba. Ya aika ƙorafi ya gaji, ko kare bai zo ba.

Na ce ko zai raka mu ciki?

"Ni? In shiga wurin waɗannan? Ina da iyali, ɗana. Ni ƙofa aka ce in tsare, ƙofa nake tsarewa. Kuma ba sai kun wahalar da kanku ba. Ku ajiye motarku nan gefen gonata ku jira, in rana ta yi sanyi za su zo su ƙarasa abin da suka bari jiya."

In rana ta yi sanyi. Wannan kalmar ce ta tsaya mini a rai, don idon Gwaggo tare da rana yake tafiya. Na gyara motar yadda tagarta ke kallon masara, na kashe inji, muka zauna. Mai gadi ya shige bukkarsa ya ja ƙyaure, yana leƙowa ta wata kafa. Inuwar itatuwa ta fara miƙewa tana rarrafowa wajenmu. Ina duban gona, ina duban sama. Tela ya fara gyangyaɗi. Na ɗaga hannu a gaban Gwaggo na ce yatsu nawa take gani, ta buge hannun ta ce in bar ta, ba asibiti muke ba. Amma na lura sai da ta laluba kafin ta same shi.

Hasken ya fara yin ja. A zuciyata na riga na fara shirya kalaman da zan ba ta haƙuri da su. Sai na ga ta miƙe zaune, hancinta yana motsi.

"Sun zo."

"Ina, Gwaggo? Ban ga komai ba."

"Kai dai yi shiru. Sun zo."

Sai ƙarar reshe ya karye. Sai ciyawa ta dare biyu. Jama'a, na sha ganin giwa a hoto, amma hoto maƙaryaci ne. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, jikinsu duk busasshiyar laka, manya da ƙanana, ba sauri ba hayaniya, suka shiga masarar bawan Allah kamar gonar ubansu. Daga cikin bukka muka ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Allah ya isa, Allah ya isa." Na waiga in nuna wa Tela, ban gan shi ba. Mutumin da ya san komai ya shige ƙasan kujera, ya rungume salansa.

"Kina ganinsu?" na raɗa.

"Ina ganin duhu yana motsi," in ji ta. Muryarta ta karye. "Sun yi mini nisa, ɗan nan."

Ba zan iya tada mota ba, da wannan rurin da sun watse ko su bi ta kanmu. Ba zan iya fitar da ita ba. Na zauna riƙe da sitiyari ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba a layin mai.

Akwai sauran masara 'yan tsiraru a gefenmu, dab da tagar Gwaggo, waɗanda suka tsira jiya. Babbar cikin giwayen, wata tsohuwa mai yagaggen kunne, ta hango su. Ta tako a hankali har ta tare mana rana, ta sa hanci ta tumɓuke masara, kafaɗarta ta gogi motar, madubi ya yi ƙas ya faɗi. Sannan ta sunkuyo da kai, idonta ya zo daidai taga, tsakaninsa da fuskar Gwaggo bai fi kamu biyu ba. Ni numfashi ma na manta yadda ake yi.

Suka dubi juna. Gwaggo ba ta ja baya ba.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ashe gashin ido gare ta. Dogaye! Ɗan nan, dubi fatarta, duk ta yamutse. Ashe tsohuwa ce irina."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Giwar ta busa iska ta hanci, ƙurar laka ta cika motar, ta juya ta bi 'yan'uwanta tana tauna. Gwaggo ta bi ta da kallo har ta koma inuwa, sannan ta jingina da kujera, ta ɗaga kai sama ta yi wa mahaifina magana kamar yana zaune a baya.

"To, Yaya, na gani. Kuma kai daga kan katanga ka hango, ni ido da ido. Sai ka nemi wata maganar."

Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Tela ya fito daga ƙasan kujera ya ce shi dama can ya fi son kallo daga ƙasa, an fi ganin ƙafafu.

Da za mu tafi mai gadi ya fito yana duba ɓarnar da aka yi masa. Ya ce mu taya shi addu'a, ya ji ƙishin-ƙishin cewa an sake ware kuɗin gyaran hanya da gada, kwamiti zai zo ya mai da nan ma na zamani, da fitilu da tayil, ya huta. Gwaggo ta tambaye ni wa ya cinye kuɗin farko. Na ce ban san shi ba, wani Ranka-ya-daɗe ne dai. Ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Ko wane ne, Allah ya ƙara masa lafiya da cin abinci." Mai gadi bai ce amin ba. Na ba shi abin da ya sawwaƙa na masararsa, don in an bi gaskiya shi ya ciyar da baƙinmu.

To ga ilmin da na yi muku alkawari. In za ku zaɓi gandun daji, kada ku dubi ƙofa, kada ku saurari waƙar talabijin, kada ku tambayi Tela. Ku tambaya ko wani babba ya taɓa zuwa ya yanka ƙyalle a wurin. In an ce e, ku ajiye manku. In an ce ai wurin an manta da shi, kuɗin hanyarsa ma ba a san inda suka shiga ba, to ku ari mota mai ƙarfi, ku ɗauki tsohuwarku ku tafi tun idonta na gani.

Bakanike ya yafe mini. Madubin ma ya ƙi mayar da shi jikin motar, ya rataye shi a garejinsa yana nuna wa masu kawo gyara, kuma a bakinsa yanzu shi ke tuƙi ranar. Gwaggo kuwa, ɗazu da na shiga gaishe ta sai da na yi magana ta gane ni ne. Amma na tarar da matan unguwa zagaye da ita, tana gwada musu tsawon gashin idon giwa da yatsunta, tana cewa duk wadda ba ta taɓa gani ba ta yi shiru, me ta sani.

Na san wasunku za su tare ni a hanya su ce in faɗi sunan gandun. Ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba, don na san manya ma ana karanta musu wannan shafi. Kai kuma Ranka-ya-daɗe da ka cinye kuɗin hanyar nan, na shekara ina zaginka ban san aikin alheri kake yi ba. An ce an sake ware wasu. Don girman Allah, kada ka ce yanzu za ka shiryu.